Wa ke ba da izinin buɗe filin dambe, kuma wa izinin yake karewa?

Da zarar an kai amfanin gona gida, kuɗi ya ɗan shiga hannun mutane, sai kalangai su fara tashi a garuruwan Kano da Jigawa. Wani zai samu fili a bayan kasuwa ko gefen tasha, ya kewaye shi da zana ko langa-langa, ya aika wa 'yan wasan ɓangarorin dambe uku, Arewa da Kudu da Guramada, ya kira makaɗa, ya ajiye yaro a ƙofa da tikiti. Shi ne zai ɗauki ribar idan gida ya cika, shi ne kuma za a fara nema idan wani abu ya faru. A ƙasashen da aka tsara wasannin faɗa, mutum irin wannan ba ya sayar da tikiti ko ɗaya sai yana riƙe da lasisi daga hukumar da aikinta ke nan. A wajenmu izinin a warwatse yake a hannun mutane da yawa, kuma ya kamata mu san abin da kowannensu yake dubawa, da abin da dukkansu suke tsallakewa.

Ƙofa ta farko ita ce ta masu gari. Babu mai hankalin da zai kafa filin dambe bai gaya wa mai unguwa ba, mai unguwa ya kai shi wurin dagaci, in wasan babba ne a dangana da hakimi. Zai durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, muna so mu yi wasa na kwana bakwai a filin bayan kasuwa, mun zo neman albarka." Abin da za a tambaye shi sananne ne: ƙarfe nawa za a tashi, baƙi daga ina za su zo, ina za su kwana, wa zai tsaya musu. Wannan amincewa ba ta da hatimin gwamnati, amma a karkara ta fi takardu da yawa ƙarfi, domin ranar da dagaci ya ce a tashi, an tashi.

Sai ƙaramar hukuma. Kano na da 44, Jigawa na da 27, kuma kowace tana da ma'aikatan haraji da ba sa ƙyale taron da ake karɓar kuɗin ƙofa. Dokar tarayya ta 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta sa kuɗin shagali da na tare hanya cikin rabon ƙananan hukumomi, don haka karɓar tana da tushe. Abin da mai wasa zai kula da shi shi ne ya karɓi rasit na hukuma, ba ya damƙa wa wani kuɗi a hannu ba. Daga nan sai ofishin 'yan sanda. Gaskiya ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa 'yan ƙasa ba sa buƙatar izinin 'yan sanda kafin su yi gangami, amma wancan shari'a ce kan taron siyasa, kuma duk wanda zai tara ɗaruruwan samari da dare bai sanar da DPO a rubuce ba, ya ɗauko wa kansa abin da ba zai iya saukewa ba. Yawanci 'yan sintiri ko 'yan banga ne ke tsaron ƙofa, 'yan sanda kuma su leƙo.

Hisba ma tana da ta cewa. Jihohin biyu suna aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma abin da ke jawo a rufe fili sau da yawa ba damben ba ne, abin da ke biyo shi ne: caca a gefen fili, sayar da ƙwaya, cakuɗuwar maza da mata har tsakar dare. Batun caca ya ƙara nauyi yanzu da kamfanonin caca ta intanet suke zuba kuɗi a wasannin faɗa a ko'ina cikin duniya. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta ce jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a cikin iyakokinsu, ba tarayya ba. Ma'anar wannan ga mai shirya wasa a Gaya ko Ringim a fili take: tallafin da zai zo da tutar kamfanin caca, ko da ya halatta a Legas, a nan zai iya zama sanadin kulle masa fili.

To, a tara duk waɗannan a duba. Dagaci yana kare zaman lafiyar gari. Ƙaramar hukuma tana kare kuɗin shigarta. 'Yan sanda suna tsoron rikici, Hisba tana kare tarbiyya, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. Amma a cikin wannan zagaye da wuya ka ji wanda ya tambayi mai wasa: wa zai duba lafiyar yaran nan kafin su sa zare, wato su naɗe hannu su shiga fili? Wace mota za ta kai wanda ya faɗi asibiti? Ina kuɗin da ka yi musu alkawari yake? Izinin da muke karɓa yana kare gari daga filin dambe, bai kare ɗan dambe daga abin da zai same shi a cikin fili ba. Kamar direban haya ne da ya yanki tikitin tasha, ya biya kuɗin ƙungiya, ya sallami kowa a hanya, amma ba a taɓa duba birkin motarsa ba.

Lasisin mai shirya wasa, a inda ake yin sa da gaske, waɗancan tambayoyi uku ne ginshiƙinsa. Tsarin hawa-hawa ne. Akwai lasisin shi mai shiryawar, wanda ake sabuntawa, ana duba ko yana da abin da zai biya, ko ya taɓa cinye haƙƙin wani. Akwai izinin kowane wasa daban, inda zai kai sunayen waɗanda za su kara, nauyinsu, tarihin wasanninsu, da wuri da rana, hukuma ta duba ta ce wannan haɗi ya yi, wannan bai yi ba. Sannan kowane ɗan wasa da alƙali da mai horarwa da manaja yana da nasa lasisin. A Ingila Hukumar Damben Birtaniya ce ke wannan aiki tun 1929. A Amurka kusan kowace jiha na da hukumarta, kamar ta New York da aka kafa a 1920, kuma jihohi da yawa suna tilasta wa mai shirya wasa ya ajiye kuɗin jingina kafin a ba shi lasisi, domin in ya gudu ko tikiti bai sayu ba, a ɗebi haƙƙin 'yan wasa daga ciki.

Wannan batu na jingina ya fi shafarmu fiye da yadda muke zato. Duk wanda ya san gidan dambe ya san yadda ake yi: ɗan wasa ya taso daga Zamfara ko Katsina bisa maganar baki a waya, ya yi kwana biyar yana wasa, ranar sallama mai gida ya ce ruwa ya ɓata kasuwa, ko 'yan kallo sun haura katanga, ga abin da ya samu. Yaro ya karɓi rabin abin da aka ce, wani lokaci kuɗin motar komawa ma sai 'yan kallo sun haɗa masa. Ba shi da takarda, ba shi da inda zai kai ƙara sai wurin sarkin ɓangarensu, shi ma roƙo zai yi.

Amma inda doka ta fi tsanani a ko'ina shi ne lafiya, kuma kusan kowace ƙa'ida a wannan fanni jinin wani ne ya rubuta ta. A 1982 ɗan damben Koriya ta Kudu Kim Duk-koo ya mutu bayan karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, daga nan aka fara rage turmin gasar kambun duniya daga 15 zuwa 12. A watan Satumba na 1991 a Landan, Michael Watson ya faɗi bayan wasansa da Chris Eubank, jini ya taru a ƙwaƙwalwarsa, ba a kuma samu kayan taimakon numfashi da ƙwararrun da za su farfaɗo da shi a bakin fili da wuri ba. Ya yi kwana 40 bai san inda yake ba, aka yi masa tiyata har shida. Ya kai hukumar damben ƙara, a 1999 kotu ta ce hukumar ta yi sakaci, a 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Darasin shari'ar nan babba ne: ɗan dambe ya yarda a buge shi, amma bai yarda a bar shi kwance babu kulawa ba, kuma wanda ya shirya ko ya ba da izini yana da alhakin tanadar wannan kulawa.

A Amurka dokar tarayya ta 1996 ta ɗora sharuɗɗa huɗu a kan duk wasan damben kuɗi: likita ya duba ɗan wasa kafin ya shiga, likita ya zauna a bakin fili daga farko har ƙarshe, a samu motar asibiti ko ma'aikatan lafiya da kayan farfaɗowa a wurin, kuma a yi wa kowane ɗan wasa inshorar raunin da zai ji. Jihar New York ta ƙara da nata a 2016, ta ce sai an yi inshorar dala miliyan ɗaya kan kowane ɗan wasa saboda mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Ƙananan masu shirya wasa sun koka sosai a lokacin, kuma kukansu yana da ma'ana, za mu dawo kansa.

Yanzu a zo a tsaya a bakin filinmu. An yi turmi biyu babu kisa, wato ba wanda aka kai ƙasa, a na uku bahago ya sami abokin karawarsa a muƙamuƙi, ya tafi ƙasa, ƙeyarsa ta bugi dandarin ƙasa mai tauri. Fili ya kaure da sowa, makaɗa suka ƙara wuta, aka ɗaga wanda ya yi kisa ana yi masa liƙi. Shi kuwa na ƙasa, yaransu biyu suka kama hannuwansa suka tayar da shi tsaye da ƙarfi, kansa yana lilo, wani ya fasa ledar ruwa ya watsa masa a fuska, wani yana bubbuga masa ƙirji yana cewa, "Tashi maza, ba komai, namiji ne kai." Aka zaunar da shi a benci, ana warware masa zaren hannu, idonsa a buɗe amma bai gane wanda ke masa magana ba. Bayan minti goma ya miƙe ya yi dariya, kowa ya ce ya warware.

Duk abin da aka yi masa a mintunan nan, ma'aikacin lafiya zai hana. Wanda ya faɗi da bugu a kai ba a fizgarsa tsaye, domin ana iya samun rauni a wuya. Miƙewar da ya yi ya yi dariya kuwa ba shaida ba ce, saboda akwai zubar jini a cikin kai da ke barin mutum ya yi magana lafiya lau na wasu sa'o'i, sannan ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci mai nauyi ya ɗauke shi. In hakan ta faru a ƙauye da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, asibitin da zai iya ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya yi tiyata yana can birni, irin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar awa ɗaya ko biyu ko fiye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, amma sai an kai shi ƙofar asibitin tukuna dokar za ta yi masa amfani. Mota mai mai a ciki da direba a farke, a irin wannan dare, ta fi duk takardun da ke aljihun mai wasa daraja.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. A damben zamani, wanda aka sumar ana dakatar da shi daga wasa, a ƙasashe da yawa wata ɗaya ne mafi ƙaranci, wani lokaci biyu ko fiye, kuma ana rubuta sunansa a rajistar da kowace hukuma ke gani. Dalili shi ne bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Ɗan damben gargajiya kuwa matafiyi ne, abincinsa a ƙafarsa yake. A ce an buge shi ranar Alhamis a Maigatari, ba abin da zai hana shi sa zare ranar Juma'a a Wudil, Lahadi kuma a gan shi a Dambatta. Mai gidan da ya karɓe shi bai san abin da ya faru shekaranjiya ba, shi kuma ba zai faɗa ba, domin faɗin yana nufin mako huɗu babu ko sisi. Ni a ganina wannan ce ɓaraka mafi girma a harkar, kuma ita ce mafi arhar toshewa: littafi guda, ko zaure guda na WhatsApp tsakanin masu gidajen dambe, inda za a riƙa sa sunan duk wanda aka yi wa mummunan kisa da ranar da zai dawo.

Wani zai ce, ai Najeriya ma tana da hukumomi. Tana da su. Hukumar Kula da Damben Boksin ta Najeriya, wadda aka kafa a 1949, ita ke ba da lasisi ga 'yan damben kuɗi masu sa safar hannu da masu shirya musu wasa, ita ke amincewa da kowane wasa, ita ke ba da takardar sakin ɗan wasa in zai je wata ƙasa. Duk wanda ke son kawo damben boksin na kuɗi Dutse ko Kano, ta nan zai bi. Dambe da kokawa da langa kuwa suna ƙarƙashin tarayyar wasannin gargajiya ta ƙasa, a sama kuma akwai Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka dawo da ita a 2024 a madadin ma'aikatar wasanni, sai hukumomin wasanni na jihohi. A gasa ta hukuma ana auna nauyi a sikeli, ana raba 'yan wasa aji-aji, ana duba zaren hannu. Matsalar ita ce hannun waɗannan hukumomi ya fi kaiwa ga manyan gasa da filayen birni irin dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Wasan kaka a ƙauye yana gudana ne da al'ada da mutuncin masu shi.

Kuma ko inda takarda take, in ba a bi ta ba, ba ta hana komai. A watan Maris na 2025 ɗan damben Najeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a filin Bukom da ke Accra, ya rasu. Hukumar damben Najeriya ta ce wasan da ta amince ya yi daban ne, an soke shi saboda batun nauyi, wanda ya mutu a cikinsa kuwa ba da saninta aka haɗa ba. Wato ga hukuma a ƙasarsa, ga hukuma a ƙasar da ya je, amma an samu wanda ya haɗa wasa cikin gaggawa da ɗan wasan da ke neman abin komawa gida. Wannan yanayi, na mai buƙata da mai neman cike gurbi a daren wasa, kullum yana faruwa a filayenmu.

A dawo kan kukan ƙananan masu shirya wasa. Tsoronsu shi ne lasisi ya zama wata sabuwar ƙofar karɓar kuɗi, a ɗora wa mai filin zana sharuɗɗan Las Vegas, ya kasa, ya koma yin wasa a ɓoye inda ba mai gani. Tsoron gaskiya ne, kuma duk tsarin da aka kwafo kai tsaye daga Turai zai kashe damben ƙauye ko ya kore shi daji. Sai dai ba sai an je Turai ba. A Senigal a 1994 aka kafa kwamitin ƙasa mai kula da kokawa, ya riƙa ba masu shirya wasa da 'yan kokawa lasisi, ya riƙa hukunta wanda ya saɓa, kuma kokawarsu da ake haɗawa da naushi ba ta rasa kiɗanta da layunta da kirarinta ba. Maƙwabtanmu Nijar suna gasar kokawa ta cin takobi tun 1975, jiha-jiha, da alƙalai da ƙa'idoji a rubuce, kuma mutanen Maigatari da Babura da ke bin ta a rediyo sun san ba ta zama ta Turawa ba.

Abin da zai dace da mu lasisi ne mai hawa biyu. Babban wasa mai kyautar mota, mai kamfani a baya, mai kyamarori, a nemi ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya kawo likita mai lasisin aiki da motar asibiti da inshora, ya ajiye kuɗin 'yan wasa gaba ɗaya kafin a buga kalangu. Wasan ƙauye kuwa a sauƙaƙa masa kuɗi, a tsananta masa a kan abin da zai iya: ma'aikacin lafiya daga asibitin garin ya zauna har a tashi, kuma a ba shi ikon tsayar da wasa ba tare da an yi masa ihu ba, mota a ajiye, sikeli a ƙofa, don kada a haɗa mai kilo 60 da mai kilo 85 saboda 'yan kallo na son ganin kisa, a duba zare a gaban ɓangarorin biyu, kuɗin sallama a damƙa wa dagaci ko shugaban ƙungiya tun ranar farko. Yara ƙanana da ake turawa su buɗe fili kafin manya su fito, wannan ma sai an sa masa ido, domin Kano da Jigawa duk suna da dokar kare yara, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu ba shi da hurumin yarda a bugi kansa don a yi liƙi.

Saura batun da ya shigo kwanan nan, wato hoton bidiyo. Yau kowane kisa yana hawa YouTube da TikTok da Facebook kafin wanda aka buge ya gama wanke fuska, wasu shafukan kuma suna samun kuɗi da shi. A Amurka dokar da aka sa wa sunan Muhammad Ali a 2000 ta tilasta wa mai shirya wasa ya bayyana wa ɗan dambe abin da ya samu daga wasansa, ta hana mutum ɗaya ya zama manajan ɗan wasa kuma mai shirya masa wasa a manyan karawa, ta kuma taƙaita kwangilar da ake ƙaƙaba wa ɗan wasa don ya samu damar karawa zuwa wata 12. A wajenmu sau da yawa ubangida shi ne manaja, shi ne mai fili, shi ne mai shafin da ake ɗora bidiyon. Yanzu da kamfanoni suka fara zuwa da takardun kwangila cikin Turanci, ɗan damben da aka miƙa wa biro ya nemi a karanta masa da Hausa a gaban shaidu biyu da ya yarda da su, a faɗa masa shekara nawa aka ɗaure shi, ko yana da damar wasa a wani gida, wa zai biya asibiti in ya ji rauni, da kuma kasonsa a kuɗin bidiyo, sannan ya karɓi kwafinsa ya ajiye a gida.